Kifin kingklip na ƙanƙara a kantunan Legas: ya ci kuɗinsa?

A firizar manyan kantunan Victoria Island da Lekki, jefi-jefi akan ga fakitin farar tsokar kifi mai suna kingklip, a gefen panla da titus, amma tsadarsa ta fi tasu nesa ba kusa ba. Masu girki a gidaje da otal-otal, 'yan uwanmu na Obalende da Idi-Araba, sukan tambaya ko panla ne aka sauya wa suna. Ba panla ba ne, ko da yake sau da yawa jirgi ɗaya ke kamo su tare.

Sunansa na kimiyya Genypterus capensis, daga dangin Ophidiidae, kifayen da ke rayuwa a ƙasan teku. Mazauninsa ruwan sanyi na gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, daga zurfin mita 50 zuwa wajen 500, cikin duwatsu da ramuka. Da rana ya ɓuya, da dare ya fito farautar ƙananan kifaye da jatan lande. Girmansa a hankali yake, shi ya sa da aka matsa masa da kamun ƙugiya a shekarun 1980 yawansa ya ragu ƙwarai, kuma tsadarsa ba ta rasa nasaba da wannan.

Wanda ya san ƙirar jikinsa ba za a cuce shi wajen saye ba. Kai babba, baki mai faɗi, sai jiki ya yi ta sirancewa har wutsiya kamar gaiwa. Fiffiken baya da na wutsiya da na ciki a haɗe suke, layi ɗaya. A ƙarƙashin haɓa akwai wasu zare-zare kamar gashin bakin tarwaɗa. Fiffike ne da suka rikiɗe, da su yake lalube ƙasa cikin duhu. Fatar ruwan hoda ce da dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, tana da yauƙi, ɓawonta ƙanana ne ƙwarai. Babba kan kai mita 1.8 da kilo 15.

To ga inda wannan ya shafi aljihu. Tsokar da ke bayan kai har tsakiya ita ce mai kauri, santimita 3 ko fiye, ita ce kifin. Yankin wutsiya siriri ne, nan da nan yake bushewa a wuta. Fakitin da aka cika da yankan wutsiya a farashin na tsakiya bai yi ba. A ɗaga shi a haske a duba kaurin kowane yanka. A duba takardar kuma: na kudancin Afirka yana ɗauke da lambar yankin kamu FAO 47, wadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ba wannan yankin teku. Akwai ɗan uwansa Genypterus blacodes da ake kamawa a Ajantina da New Zealand, akan sayar da shi da sunan nan. Shi ma yana da daɗi, amma mai saye ya san abin da ya biya.

Babbar matsalarsa a Legas ɗaukewar wutar lantarki ce. Kifin yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba yankewa. In ya narke aka sake daskarar da shi, ƙanƙara kan farfasa tsokar, ruwanta ya tsiyaye, a dafa ya fito kamar soso. Alamun ba sa ɓuya: ruwa mai ɗan ja da ya daskare a kusurwar leda, garin ƙanƙara a ciki, yanka-yanka sun manne da juna, ko gefe ya yi fari fat ya bushe. Aka ga ɗaya, a mayar da shi firizar kanti, kada a saya. Siririn lulluɓin ƙanƙara a jikin tsoka kariya ce, amma in ya yi kauri ruwa ake aunawa da kuɗin kifi.

Mai kyau kuwa ya ci kuɗinsa. Tsokar fara ce, mai ƙarfi, tana ɓarewa manya-manya, ƙaya kaɗan, ƙarni kaɗan. A narkar da shi cikin firji dare ɗaya, ba cikin ruwan zafi ba, a tsane shi da tsumma mai tsabta, a sa gishiri dab da suya. Yanka mai kaurin santimita 3 minti 4 zuwa 5 ya ishi kowane gefe a matsakaiciyar wuta. Kitsensa kaɗan ne, don haka irin suyar titus, wadda ake bari har ya yi ƙayau, ɓata shi take yi. A farfesu, sai romo ya gama haɗuwa da citta da masoro da attaruhu sannan a saka shi, minti 8 zuwa 10, kada a juya da ludayi, a girgiza tukunyar kawai. Don miyar taron jama'a, inda tattasai da manja za su rufe ɗanɗanonsa, panla daga ɗakunan sanyi na Ijora ya wadatar.