Shanu, alfadarai ko dawaki: me mai hijira zuwa Oregon zai saya?

Wanda ya iso garin Independence a jihar Misuri ta Amurka cikin watan Afrilu, a shekarun 1840 da 1850, da niyyar kai iyalinsa Oregon ko Kalifoniya, tafiyar kusan kilomita 3,200 ce ke jiransa, wata huɗu zuwa shida. Ayari ba ya tashi sai ciyawa ta tsiro, kuma a makwannin jiran nan ne mutum ke zaɓen dabbar da za ta ja amalankensa.

Doki dai a cire shi daga lissafi. Sai da hatsi yake aiki, kuma babu amalanken da zai ɗauki hatsin wata biyar.

Alfadari yana da sauri, yana jure zafi da ƙishirwa, kofatonsa kuma da ƙwari. Amma tsadarsa ba kaɗan ba ce. Kyaftin Randolph Marcy na sojan Amurka ya yi lissafi a 1859: alfadarai shida dala 600, shanu takwas kuwa kusan dala 200. Ga kuɗin linzami da tarkacen fata, ga taurin kai, kuma idan suka firgita da dare, kafin gari ya waye sun yi nisa.

Shanu su ne zaɓin mai iyali. Dandaƙaƙƙen sa mai shekara huɗu zuwa shida yana cin kowace irin ciyawa ya ƙoshi. Kayan aikinsa karkiya ce ta itace da sarƙa, abin da ko ya karye a daji za a sassaƙa wani. Ba a yi masa linzami, mai kora yana tafiya a gefen hagu da bulala yana yi masa magana. A taɓo ko rairayi ba ya fizga, a hankali yake ja har amalanke ya fito. Gaskiya ne ba ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a yini, amma hakan ya yi daidai da tafiyar mata da yara, waɗanda yawanci a ƙasa suke takawa. Idan ya karye a yanka a ci. Saniya ma tana shiga karkiya in ta kama, ga nono kuma. A sayi shida ga amalanke ɗaya, da ƙarin biyu na ko-ta-kwana.

Rauninsu a ƙafa yake. Kofaton sa a rabe yake, don haka kowace ƙafa ƙarfe biyu take so, takwas ke nan ga sa ɗaya, kuma ba ya iya tsayuwa a ƙafa uku, sai an kayar da shi an ɗaure. A tafi da ƙarafa da ƙusoshi da kwalta, don bayan an wuce zangon Fort Laramie da ke kan hanyar, duwatsu ke cinye kofato. Sai ruwan kanwa da ke tsakanin kogin North Platte da Sweetwater: sa mai ƙishirwa ya sha, cikinsa ya kumbura, ya mutu. Duk tafkin da aka ga farin gari a bakinsa, a riƙe shanu da ƙarfi a wuce.

Dillalan dabbobi na garuruwan da ayari ke tashi sun san mai saye ba zai dawo ba. Suna goge ƙaho da magagari don ɓoye zoben da ke nuna shekaru, saboda haka a buɗe baki a duba. Sa mai shekara biyar yana da manyan haƙora takwas a gaban muƙamuƙin ƙasa. In sun gajarce sun bar giɓi, tsoho ne. Suna kuma haɗa ɗanyen sa da horarre su ce tare suka saba aiki. Ba a cinikin biri a sama: a sa musu karkiya nan take, a ɗaura amalanke da kaya, a juya su dama da hagu, a tsayar. Biyun da tsayinsu bai zo ɗaya ba, karkiya za ta ci wuyan gajeren.

Haka zancen amalanke. Babban amalanken dakon kaya da ake kira Conestoga kashe shanu kawai zai yi. Na gona ake nema, mai faɗin mita ɗaya da ɗoriya da tsawon kamar mita uku, kuma kada kaya su wuce tan ɗaya. Cutar da ta fi yawa ita ce ɗanyen itace da aka lulluɓe da fenti. A busasshiyar iskar yamma itacen yana tsukewa, zoben ƙarfen ƙafa ya saki ya fice, ƙafar ta wargaje. Sai a kankare fentin da wuƙa a tabbatar itacen ya bushe sosai. Ko mai kyan ma ana jiƙa ƙafafunsa a kogi da dare.

Kada kuma a saurari mai tallar gajeriyar hanya. A 1846 wani ayarin masu hijira da ake kira ayarin Donner ya bi wadda Lansford Hastings, marubucin wani littafin jagoran tafiya, ya yayata, suka ɓata makwanni, shanu da yawa suka salwanta a hamadar gishiri ta Utah, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a duwatsun Sierra Nevada, kusan rabin mutanen suka mutu.