Daga Kaduna zuwa Legas ta sama: abin da fasinja ke samu da kuɗinsa

Sana'ata sayar da kayan ɗab'i ce, wato takarda da tawada da farantan buga littattafai, kuma da yake manyan dilolin waɗannan kaya a Legas suke, ba na rufa wata uku ban je can ba. Shekaru da dama ke nan ina wannan zirga-zirga, wani lokaci in tashi daga filin jirgin saman Kaduna kai tsaye, wani lokaci kuma in bi ta Abuja. Abin da na gani a kan wannan hanya shi nake son in shimfiɗa, domin mutane da yawa suna tambayata ko tashi daga Kaduna ya cancanci kuɗin da ake biya, kuma amsar ba ta kammaluwa sai an dubi yadda kamfanonin jiragen saman ƙasar nan suke gogayya da juna, da kuma inda suka zaɓi su yi gogayyar.

Zan fara da abin yabo, don akwai shi. Filin jirgin Kaduna, wanda ke yankin ƙaramar hukumar Igabi, bayan an wuce Mando, wuri ne mai natsuwa. Wanda ya saba da turereniyar Legas, inda mutum zai yi layin shiga, ya yi layin awon kaya, ya sake yin layin bincike, zai ji sanyi a ransa idan ya ga a Kaduna ana gama masa duk wannan cikin 'yan mintuna. Ma'aikatan kanta suna da fara'a, kuma sau da yawa na ga sun tashi daga kujerunsu sun kama wa tsoho jaka. Idan jirgi ya zo kan lokaci, tafiyar ba ta wuce sa'a ɗaya da 'yan mintuna, alhali a mota wuni guda ce cur, ga gajiya, ga fargabar hanya. A cikin jirgin ma ban taɓa samun abin ƙorafi mai nauyi ba. Kujerun suna da tsabta gwargwado, ana ba da ruwa da ɗan abin taɓawa, matuƙan kuma sun san aikinsu. Duk matsalar a ƙasa take, kafin a tashi.

A cikin hunturun da ya wuce na sayi tikitin wani kamfani tun mako biyu kafin ranar tafiya, an rubuta mini tashi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Da daren jajibirin tafiyar saƙo ya shigo wayata cewa an mayar da lokacin ƙarfe biyu na rana. Na isa da wuri duk da haka, muka yi sallar Azahar, muka koma muka zauna. Hazo ya rufe sararin samaniya, har bishiyoyin da ke bayan titin saukar jirage ba a ganin su sosai, don haka ba wanda ya yi mamakin jinkirin farko. Abin da ya dame ni shi ne shirun da ya biyo baya. La'asar ta yi, ba wanda ya fito ya ce mana komai, sai da wasu fasinjoji suka taru a gaban kanta suna ɗaga murya sannan aka yi sanarwa ta lasifika, ita ma da Turanci kawai, cikin sauri. Kusa da ni akwai wata dattijuwa riƙe da babbar ambulan ta hotunan asibiti, wadda daga baya na fahimci tana da alƙawarin ganin likita a Legas washegari da safe. Ta juyo ta ce mini, "Ɗana, me suka ce?" Na ce, "Mama, sun ce jirgin bai taso daga Legas ba tukuna, a ƙara haƙuri." Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri." A gari irin Kaduna, inda Hausa ce harshen kasuwa da tasha da asibiti, rashin yin sanarwa da Hausa gazawa ce da ba ta buƙatar ko sisi kafin a gyara ta. Bayan Magariba aka ce an soke tashin sai gobe.

Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ba su bar wannan a duhu ba. A tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai sa'a biyu, fasinja yana da haƙƙin a ba shi abin sha da abin taɓawa. Idan ya wuce sa'a uku, yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Idan kuma abin ya kai cikin dare, daga ƙarfe goma zuwa huɗu na asuba, akwai batun masauki da motar da za ta kai shi. Gaskiya ne cewa kamfani yana da uzuri idan yanayi ne ya hana tashi, kuma ba mai hankalin da zai so matuƙi ya sauka a titin da ba ya gani. Amma a wannan rana ba wanda ya zo ya karanta mana haƙƙinmu, kuma mafi yawan waɗanda ke zaune a ɗakin ba su san suna da shi ba.

Da na zauna ina tunanin abin daga baya, sai na ga cewa hazo rabin labarin ne kawai. Da a Abuja abin ya faru, da na karɓi kuɗina na taka zuwa kanta ta gaba na sayi tikitin wani kamfani, domin tsakanin Abuja da Legas jirage suna tashi tun asuba har dare. A can ne kasuwar take, a can ne kuma kowa yake son ya kafa tutarsa. Air Peace, wanda Allen Onyema ya kafa, ya kuma fara jigila a 2014, shi ne ya fi kowa yawan jirage da fasinjoji a cikin gida, har ya kai ga buɗe hanyar Legas zuwa Landan a watan Maris na 2024. Ibom Air, mallakar gwamnatin jihar Akwa Ibom, ya fara aiki a 2019 ya kuma yi suna wajen kiyaye lokaci. United Nigeria da Green Africa sun shigo a 2021, ValueJet ya biyo baya a 2022. Arik, wanda a wani zamani shi ne zakaran kasuwar, bashi ya durƙusar da shi har AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, ta karɓe ragamarsa a 2017, kamar yadda ta karɓi ta Aero Contractors, kamfanin da ya girmi duk sauran, tun da an kafa shi a 1959. Daga Arewa kuma akwai Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, wanda aka fi sani da jigilar alhazai kafin ya shiga harkar cikin gida, da Azman da Rano Air, dukansu masu tushe a Kano. Idan mutum ya jera waɗannan sunaye zai ɗauka fasinjan Najeriya yana cikin wadata, sai dai kusan dukansu a kan hanyoyi ƙalilan suke cincirindo, tsakanin Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, garuruwa irin namu kuma sai abin da ya rage.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kamfanin jirgin sama a Najeriya da naira yake sayar da tikiti, amma da dala yake biyan hayar jirgi, da dala yake sayen kayan gyara, da dala yake biyan inshora, kuma manyan gyare-gyare galibi a ƙasashen waje ake yin su. A 2022 ƙungiyar masu kamfanonin ta koka cewa litar man jirgi ta tashi daga kimanin naira 190 zuwa 700, har ta yi barazanar dakatar da aiki, kuma a farkon shekarar ta 2022 ne kamfanonin suka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin tikiti zuwa naira 50,000 kusan lokaci guda, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta sa baki. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, wato aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da farashinta, nauyin ya ƙara ninkuwa. Kamfanin da ke da jirage biyar ko shida, biyu daga ciki suna wajen gyara, dole ya tura sauran inda kujeru za su cika. Shi ya sa jirgin da zai zo Kaduna sau da yawa sai ya gama sawu biyu ko uku a wasu garuruwa, kuma duk jinkirin da ya tara tun safe a kanmu yake sauke shi.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne na san lokacin da ba haka Kaduna take ba. A nan garin hedikwatar Chanchangi Airlines take, kamfanin marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, wanda a shekarun 2000 yake cikin manyan masu jigilar fasinjoji a ƙasar nan. A wancan lokaci jirgi a Kaduna yake kwana, da safe ya ɗauki mutanen gari ya nufi Legas, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa tashin safe ya zama abin dogaro. Kabo Air na Kano ma ya yi zamaninsa, haka Nigeria Airways mai tambarin giwa, wanda ya durƙushe a 2003. Kwalejin horar da matuƙa jirage tana nan Zariya tun 1964, a cikin jiharmu, tana yaye matuƙa da injiniyoyin da ke riƙe da jiragen da ba sa zuwa mana sai jifa-jifa. A watan Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titinsa, Kaduna ce ta ɗauki nauyin babban birnin tarayya gaba ɗaya, jiragen cikin gida suna sauka suna tashi, Ethiopian Airlines kuma ya riƙa kawo fasinjojin ƙasashen waje. Wannan ya nuna filin yana iya ɗaukar aiki mai yawa. Sai kuma ga abin da ya faru a ƙarshen Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari gefen filin suka kashe wani mai gadi, kwana biyu bayan haka kuma aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna mummunan harin da ba za mu manta ba. Kamfanoni suka dakatar da zuwa, kuma ko da aka dawo, amincewar ba ta dawo da saurin da ta tafi ba.

Akwai kuma abokin hamayyar da ba ya tashi sama, wato jirgin ƙasan da ke tsakanin tashar Rigasa a Kaduna da tashar Idu a Abuja, wanda aka buɗe a 2016. Cikin sa'a biyu da ɗoriya yake kai mutum Abuja, daga tashar Idu kuma filin jirgin saman Abuja na Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa. Na sha gwada farashi a waya kafin in yanke shawara, kuma ba sau ɗaya ba na tarar da cewa abin da zan rage idan na tashi daga Abuja ya isa ya biya mini jirgin ƙasa da motar haya. Ga shi kuma a Abuja in wannan kamfanin jirgin sama ya saɓa alƙawari, akwai wani a gefensa. Mutanen Kaduna da yawa sun gano haka, to amma kowane fasinja da ya bi ta Abuja ragi ne a lissafin da kamfanoni ke dubawa kafin su ƙara jirgi a Kaduna. Ƙarancin jirage yana korar fasinjoji, ƙarancin fasinjoji kuma yana hana a ƙara jirage.

Game da batun mayar da kuɗi, shawarata ita ce a sayi tikiti kai tsaye daga shafin kamfanin ko ofishinsa, a kuma adana kowane saƙo da aka turo na canjin lokaci, domin su ne hujja idan aka kai ƙara wajen jami'an NCAA masu kula da koke-koken fasinjoji. Wanda ya saya ta hannun dillali yakan sha wahala, kamfani ya ce ya koma wajen dillali, dillali ya ce kuɗin suna hannun kamfani.

Ga mai tafiyar da ba ta da ƙurarren lokaci, ko dattijo, ko mai ƙananan yara da kaya masu yawa, tashi daga Kaduna ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba, musamman daga watan Afrilu zuwa Oktoba da babu hazo, ko da yake hadarin damina ma yakan jinkirta tashi. Amma wanda zai haɗa da jirgin ƙasar waje a Legas, ko yake da zaman kotu, ko alƙawarin likita irin na dattijuwar nan, kada ya sayi tikitin ranar da ake jiran sa. Ya tafi da kwana ɗaya a hannu, in kuma tsakanin Disamba da Fabrairu ne, ya bi ta Abuja.

Washegarin ranar da aka soke mana tashi, jirgin ya iso wajen ƙarfe ɗaya na rana. Na hango dattijuwar a layin shiga, ambulan ɗinta na hannunta, na gaishe ta na tambaye ta batun likitan. Ta ce 'yarta ta kira asibitin, an ɗaga ganin nata zuwa mako mai zuwa, don haka za ta zauna a Legas kwana takwas maimakon biyu da ta shirya, kuma maganin da ta taho da shi na kwana uku ne.