Yawon yini ɗaya a Itaka: jirgi ya yi, lokaci ne bai yi ba

A tatsuniyar Girkawa ta dā, shekara 10 jarumi Odisiyos ya yi a hanya kafin ya koma gidansa, tsibirin Itaka na ƙasar Girka, daga yaƙin Turoi. Mu kuwa daga garin Sami da ke tsibirin Kefaloniya, ko awa ɗaya ba mu yi a kan ruwa ba. Ni da maigida muka biya kuɗin yawon yini guda, jirgin ruwa da mota da ɗan rakiya duk a ciki.

Jirgin fes yake, ya kuma tashi a kan kari. Ɗan rakiyar ma ya iya bakinsa. Da muka tsaya a gaɓar Deksa, kusa da Vati, babban garin tsibirin, ya ce nan mutanen wurin suka yi imani an sauke Odisiyos yana sharar barci. Ya farka bai gane ƙasarsa ba, don Atina, allahiyar Girkawa, ta lulluɓe ta da hazo. Na tsaya ina kallon tsakuwa da itatuwan zaitun, tsikar jikina ta tashi. Shekara 20 rabonka da gida, ka iso, kana tambayar ina ne nan!

Inda suka ɓata mini rai shi ne ƙauyen Sitaburos. Akwai ɗan gidan tarihi a can, ciki har da guntun fuskar yumɓu da aka rubuta wa "alwashi ga Odisiyos" da Girkanci, da ƙafafun tukwanen tagulla da aka tono a kogon Polis, wanda girgizar ƙasar 1953 ta rufta da shi. Abin da ya kawo ni ke nan. Minti 20 aka ba mu. Iyo kuwa awa biyu cur, ni da ban shiga ruwa ba ina zaune ina gadin takalma.

Ita Penelofi matar Odisiyos fa, wadda ta yi shekara uku tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare don ta yaudari manema 108? Sai da na tambaya ɗan rakiyar ya ambace ta. Maigida ya ce wai haushin 'yan'uwana mata nake tayawa.

Abincin rana ba ya cikin kuɗin. Mun ci gasasshen kifi a Kiyoni, bakin ruwa, ya yi daɗi amma da tsada.

Na ba su uku cikin biyar. In labarin ne ya kai ku, ku hau jirgin fasinja zuwa Pisayetos, tashar jirgin ruwa a Itaka, ku yi hayar mota, ku kwana.