Karatun nas a kwalejojin shekara biyu na Amurka: maki, ƙuri'a ko layi?

Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Amurka ta kira ni kwanakin baya, muryarta a sanyaye. Karo na biyu ke nan ana hana ta gurbin karatun nas, alhali ba ta taɓa faɗuwa darasi ko ɗaya ba. Na ce, "Ƙanwata, turo min takardar da kwalejin ke lissafa maki da ita." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, wace takarda?" Shekara biyu tana neman shiga, ba ta taɓa ganin ma'aunin da ake auna ta da shi ba, ga shi kuwa a shafin kwalejin na intanet.

Shiga kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu, ba wuya, kusan duk mai takardar gama sakandare za a ɗauke shi. Sashen jinya ne ke da tasa ƙofar daban. Kafin ka ƙwanƙwasa ta sai ka gama darussan share fage: anatomi da fisiyoloji kashi na ɗaya da na biyu, ilmin ƙwayoyin cuta, Turanci, lissafi, ilmin halayyar ɗan Adam, wani wurin har da kimistiri. Wannan kaɗai shekara ɗaya ce ko ɗaya da rabi, saboda haka shekara biyun da ake faɗa ka ƙirga ta uku, in ba a yi jira ba. Guraben kuma kaɗan ne, don malaman jinya sun yi ƙaranci, kuma malami ɗaya ba ya shiga ɗakin majinyata da ɗalibai sama da goma ko kusa da haka. Ladan wahalar shi ne araha. A Kalifoniya mazaunin jiha yana biyan dala 46 kan kowane yunit, wato ma'aunin nauyin darasi, ko da yunit 70 ne dala 3,220 ke nan. A kwalejojin CUNY na birnin Niyok dala 4,800 ne a shekara. Wanda ya gama ya samu ADN, wato shaidar jinya ta shekara biyu, jarrabawar lasisi ɗaya, NCLEX-RN, zai zauna da mai digirin shekara huɗu, lasisinsu iri ɗaya, na RN, wato cikakken nas.

Hanya uku ake bi wajen tace masu nema, kuma kowace da irin wanda take yi wa daɗi.

Ta maki ita ta fi yawa. Ana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, a yanke inda kujeru suka ƙare. Abin da ke ruɗar mutane shi ne mafi ƙarancin GPA, wato matsakaicin makin darussa, da kwaleji ke rubutawa, 2.5 ko 2.75 cikin 4.0. Wannan izinin miƙa takarda ne kawai. Waɗanda ake ɗauka galibi A da B ne a darussan kimiyya, kuma a nan nauyin yake, A ɗin da ka ci a darasin tarihi ba ya ɗaga ka sosai. Ƙanwar tawa C biyu gare ta, a anatomi da fisiyoloji, ta kwashe su a zango ɗaya tana aikin dare. Da muka zauna da biro muka lissafa, sai ga shi tun kafin ta miƙa takarda an riga an wuce ta. Maimaita darasi ma da nasa tarkon: wasu kwalejoji suna rage maki kan kowane maimaici, wasu sau ɗaya suka yarda, wasu har janyewa daga darasi a tsakiyar zango suna ƙirga shi. Gara ka ɗauki anatomi shi kaɗai ka ci A, da ka haɗa uku ka fito da C.

Sai jarrabawar shiga, TEAS ko HESI A2. TEAS tambaya 170 ce cikin minti 209, ta ƙunshi karatu da fahimta, lissafi, kimiyya da ƙa'idojin Turanci. Kwalejojin Kalifoniya sun sa kashi 62 cikin ɗari a matsayin ƙasa, amma inda ake gasa da maki, mai 62 kallo ne nasa. A ganina wanda ya yi makaranta a Kano ko Zinder ba kimiyyar ce ke kayar da shi ba, agogo ne, sai kuma ma'aunin Amurkawa na fam da inci da galan. Kada ka shiga don ka ɗanɗana, akwai kwalejojin da sakamakon zaman farko kaɗai suke dubawa.

Akwai ƙananan maki da ake tsinta. Takardar CNA, wato mataimakin jinya, horonta makonni ne, dokar tarayya awa 75 ta sa a matsayin ƙasa, kuma wurare da yawa suna ba da maki kanta da kan awannin da aka yi ana aiki. Dokar Kalifoniya ta 2007 da ta buɗe tsarin maki ta yarda a ba da maki kan digirin baya, da halin rayuwa kamar talauci ko zaman gudun hijira, da iya wani harshe ban da Turanci. Larabci na cikin jerin harsunan da dokar ta ambata, ga wanda zai iya kawo shaida. Hausa da Faransanci kuwa, je ofis ka tambaya, a ba ka amsar a rubuce.

Ta ƙuri'a ta fi sauƙin bayani. Duk wanda ya cika sharaɗi ana zuba sunansa, kwamfuta ta zaɓa. Mai 4.0 da mai 2.8 daidai suke. A ce mutum 400 kan kujera 40, rabonka ɗaya cikin goma ne. Ka nemi irin wannan kwaleji biyar a lokaci guda, ya tashi zuwa kusan huɗu cikin goma. Wasu suna ƙara wa wanda ya sake nema ƙuri'a. Mai C biyu nan ce kasuwarsa. Mai A zalla kuwa, zuwansa nan asara ce.

Ta layi, wanda ya riga shi ne gaba. Tabbas ce, amma jiran kan kai shekaru, kuma kwalejoji da yawa ba sa karɓar darasin kimiyyar da ya wuce shekara biyar ko bakwai. Kana tsaye a layi anatominka na tsufa.

To in duka ukun sun ƙi? Hanyar da na fi ba da shawara ita ce LPN, lasisin nas na matakin ƙasa da RN, wanda a Kalifoniya da Tekzas ake kira LVN. Kusan shekara ɗaya ne, ka ci jarrabawarsa ta NCLEX-PN, ka fara karɓar albashi, sannan ka bi ta gadar da kwalejoji ke buɗe wa masu wannan lasisi zuwa RN. Mai digiri daga gida, bayan WES ko ECE, masu auna takardun ƙasashen waje, sun tantance takardunsa, yana iya neman BSN, wato digirin jinya, na gaggawa na wata 12 zuwa 18, sai dai ba a haɗa shi da aiki. Ya kuma sani digirin nan, ko na wace ƙasa ne, ya rufe masa Pell, tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Makarantun kuɗi ba layi ba ƙuri'a, amma wasunsu sun haura dala 100,000, bashin da za ka yi shekaru kana biya.

Kafin ka ba kowa sisi, duba shafin hukumar jinya ta jiharka ka ga sunan makarantar a cikin waɗanda aka amince da su, da adadin ɗalibanta da ke cin NCLEX a zaman farko. Ka kuma tambayi nawa ne suka fara, nawa suka gama, don makarantar da ke korar rabin aji ba wuya sakamakonta ya yi kyau. Ka nemi tambarin ACEN ko CNEA, hukumomin tantance makarantun jinya, shi ke sauƙaƙa ci gaba zuwa BSN, wanda a jihar Niyok dokar 2017 ta wajabta cikin shekara 10 da samun lasisi. Wanda ya ce maka akwai wata makaranta da ba sai ka halarci aji ba, tuna masa Janairun 2023, lokacin da hukumomin tarayya suka bankaɗo takardun bogi sama da 7,600 daga makarantu uku a Fulorida, jihohi suka bi lasisin mutane suna ƙwacewa.

Ranar da wasiƙar ɗauka ta zo, kwanaki kaɗan ake bayarwa a kawo sauran takardu: binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, katin CPR na horon farfaɗo da zuciya da numfashi, da shaidar rigakafin ƙyanda da ciwon hanta. Mafi yawanmu katin rigakafin yarinta ya ɓata tun a gida, sai a auna jini a nuna akwai kariya, wanda babu kuma ya fara allurar hanta da wuri don tana iya cin wata shida. Gwajin tarin fuka na fata kan kumbura ga wanda aka yi wa BCG, rigakafin tarin fuka, yana jariri, mai tabon nan a dantse, ko da lafiyarsa ƙalau. Tun farko ka ce a yi maka na jini.