Mai baibayar da ya gyara min jinka bayan iska

Iskar farkon damina ta yaye gefe guda na jinkar rumfata, ta ɗage ƙololuwar, kana zaune a ciki kana hango sama. Maƙwabcina ya haɗa ni da wani mai baibaya, ya ce hannunsa na da kyau.

Gaskiya da farko ya burge ni. Ni a zatona ganye kawai za a cusa inda ya ɓule. Da ya hau, sai ya murza tankar da ke ƙasa da yatsa, ta marmashe masa a hannu. Ashe gara ta cinye cikinta, ɓawon ne kawai ya rage. Ya ce, "Maigida, in na ɗaura a kan wannan, iska ta gaba da ganyen da sandar za ta kwashe." Ya sauke wajen duka, ya sauya tanka, ya faro shimfiɗa daga bakin ƙasa yana hawa, kowane layi ya rufe fiye da rabin na ƙarƙashinsa, yana bi yana ɗaurewa da igiya. Ƙololuwar kuwa ninki biyu ya yi mata, don a cewarsa nan iska ta fi samun kafa. Raina ya yi fari ƙal.

Sai dai busasshen ganyen da ya kawo ya ƙare kafin ya kammala gefen gabas. Maimakon ya ce a dakata, sai ya je ya saro ɗanyar kaba ya cike. Na yi magana, ya ce ai za ta bushe a kai. Ta bushe ɗin, amma ta motse, igiyar ta saki, tsakanin ganyen ya buɗe. Ruwa mai ƙarfi na zuwa, daidai nan ya dinga tsiyaya a kan tabarma. Yanzu wajen ya fara baƙi, yana warin ruɓa. Abin ya ci min rai ƙwarai, domin wanda ya gane ɓarnar gara da taɓawa ɗaya ba zai ce bai san halin ɗanyen ganye ba. Sauri yake ya karɓi kuɗinsa.

Na kira shi, kullum gobe. Tarkacen tsohon ganyen ma a tsakar gida ya bar min.

Inda ya sa busasshe ko ɗigo ba ya yi, wannan ba zan hana shi ba. Wanda zai ɗauke shi ya tanadi busasshen ganye wadatacce da kansa, kuma ya riƙe cikon kuɗin sai an yi ruwa ya gani.