Sansanin mako guda ko darasin kowace Asabar: amsa ga Alhaji kan koyon diresaj

Alhaji, barka da war haka. Tambayarka ita ce: shekarunka 52, kana zaune a Agege, rabonka da sirdi tun hawan Sallar ƙuruciya a Katsina, sai ga shi ka kalli rawar dawakin Turawa da ake kira diresaj a gasar Olamfik abin ya shiga ranka. Shin ka tara kuɗi ka tafi sansanin manya na mako guda a waje, ko ka nemi barga a nan Legas kana zuwa duk Asabar? Na taɓa duka biyun, bari in faɗa maka abin da kowanne ya ba ni da abin da ya hana ni.

Maganar shekaru dai ka ajiye ta gefe. Diresaj yana cikin Olamfik tun 1912, maza da mata suna fafatawa a fili ɗaya, kuma wani ɗan Japan, Hiroshi Hoketsu, ya hau a gasar Landan ta 2012 yana da shekara 71. Ba wasan ƙarfin tuwo ba ne. Fili ne na yashi mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, na masu koyo kuma 40 da 20, da haruffa a gefe suna nuna inda za a fara motsi da inda za a gama, alƙalai na ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Abin da suke nema shi ne doki ya yi abin da ake so ba tare da ɗan kallo ya ga lokacin da aka umarce shi ba.

A nan ne ni da kai muke da matsala. Mu da muka taso da hawan gida, da hannu muke magana da doki. Linzaminmu mai kaifi ne, ka saki sukuwa, ka finciko, doki ya yi zamiya a gaban sarki, a yi guɗa. Sirdinmu kuma yana da tudu gaba da baya, yana riƙe ka kamar kujera. Sirdin diresaj babu wannan gata, linzamin masu koyo kuwa mai laushi ne, umarni yana fitowa daga zamanka da cinyarka da nauyin jikinka. Kenan aikinka na farko ba koyo ba ne, mantawa ne.

Wajen mantawar nan sansani ya yi wa darasin Asabar fintinkau. Na yi nawa a Fotugal, a kan dawakinsu na Lusitano, hawa biyu a rana, safe da yamma. Ranar farko malamar ta kalle ni na minti biyar kawai, ta karɓe linzamin gaba ɗaya, ta ɗaure dokin da doguwar igiya tana tsaye a tsakiya yana kewaya ta, ta ce in cire ƙafa daga likkafa in ɗora hannu a ƙugu. Ni da nake taƙama na san doki, sai ga ni ina tangal-tangal kamar buhun albasa a bayan a-kori-kura. Ta ce kada in ji kunya, a tsohuwar makarantar hawa ta Biyana da ke Ostiriya sabon ɗalibi yakan yi watanni a kan igiyar nan kafin a ba shi linzami. Da safe sukan share yashin filin ya yi sumul, don haka sawun dokinka shi ne shaidarka. Aka ce in yi da'ira mai faɗin mita 20, na gama na waiwaya, abin da na zana ya fi kama da doya. Gyaran da aka yi mini da safe na maimaita shi da yamma tun jiki bai manta ba, washegari aka ɗora wani a kai. A rana ta biyar muna cikin sassarfa ta ce in fitar da numfashi in zauna da nauyina, kada in taɓa linzami. Dokin ya koma tafiya da kansa. Wallahi Alhaji sai da tsigar jikina ta tashi.

Abu na biyu shi ne dokin kansa. Sansani mai kyau yana da tsofaffin dawakin da suka haddace aikin, idan ka ba da umarni daidai su yi, idan ka kuskure su yi banza da kai. Dokin ne malamin gaskiya, mutumin da ke tsaye a ƙasa tafinta ne kawai. Ga kuma zama da sa'o'inka, likitoci da 'yan fansho da matan aure, kowa na ɗingishi zuwa teburin cin abinci, babu yaro ɗan shekara goma da zai wuce ka a guje yana dariya. Waya ma tana cikin jaka, ba mai kiran ka kan kwantena ta maƙale a Apapa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Na tafi ne ba shiri. A rana ta uku cinyoyina suka ƙi, matakalar ɗaki sai da na dafa bango, na rasa hawan yamma biyu da na riga na biya da Yuro. Mako guda ne fa, in kwana biyu sun tafi a jinyar tsamin jiki, an ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka. Ka haɗa da tikitin jirgi da bizar Shengen ta shiga Turai da inshora da canjin Naira a yau, ga wani, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mafi ciwo, na dawo Legas na yi wata huɗu ban hau ba. Da na koma kan sirdi, hannun nan nawa na Katsina ya dawo daram kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Darasin Asabar ba shi da wannan armashi, amma shi ne ke gina jiki. Kuɗinsa kaɗan-kaɗan kake fitarwa, in ka ga abin bai karɓe ka ba ka janye ba asara mai yawa. Doki ɗaya kake hawa har ku san juna, ka san ranar da ya tashi da rigima tun daga yadda ya kwantar da kunne. Mafi yawan masu kula da dawaki a bargunan Legas 'yan Arewa ne, za ku yi hira da Hausa, su koya maka ɗaura majayi da duba kofato da yadda ake jiƙa dusa, ilimin da sansani ba ya da lokacin bayarwa.

Illarsa biyu ce. Ta farko Legas ce da kanta: daga Agege zuwa Ikoyi sai ka haye gadar Third Mainland, in ka makara gosulo ya cinye safiyar, ga ruwan Yuni da Yuli da ke mayar da fili taɓo a soke darasi. Kwana shida tsakanin hawa da hawa kuma sun isa jiki ya zubar da rabin abin da ya ɗauka. Ta biyu, hawan Legas galibi na folo ne, wato wasan ƙwallon dawaki. Kulob ɗin folo na Ikoyi yana nan tun 1904, kuma dawakin da suka yi suna a garin, har da waɗanda ake kawowa daga Ajantina, an hore su ne a riƙe linzami da hannun hagu, dama na riƙe da sanda, su juya da gudu su tsaya cak. Doki ne mai kyau, amma ba yaren diresaj yake ji ba. Dawakin haya na bakin teku a Elegushi kuwa na ɗaukar hoto ne, kada ka sa su a lissafi.

Da ni ne kai, ba zan zaɓi ɗaya in bar ɗaya ba, jera su zan yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da Asabar na wata uku, ka ce wa malamin a kan igiya kake so, ba linzami, har ka iya sassarfa ba tare da ka riƙe sirdi ba. Ka ga likita kan bayanka da hawan jini. Sannan ka nemi sansani, ka tambaye su abu uku kafin ka tura ko sisi: mutum nawa ne a darasi ɗaya, shin suna da dawakin da suka ƙware na masu koyo, kuma nauyin mahayi nawa suke karɓa, don wasu suna da iyaka kuma ba sa kunyar ɗora mutum a sikeli. Kafin ka tashi kuma ka biya kuɗin Asabar huɗu na bayan dawowa, saboda kada abin da ya same ni ya same ka.

In ka shirya, Asabar mai zuwa zan biyo ta Agege bayan sallar asuba in ɗauke ka. Ka sa dogon wando mai kauri da takalmi mai 'yar dunduniya, babbar riga ta zauna a gida. Hular kwano akwai ta aro a barga.