Zaman San Pedro a Kusko: hidimar da ke bukatar likita kafin jagora

A Kusko ta ƙasar Peru, masu shirya yawon buɗe ido suna sayar wa baƙi zaman wuni guda na shan ruwan San Pedro, wani kaktus (tsiro mai ƙaya) mai ɗauke da sinadarin meskalin mai sa maye. Sinadarin yana aiki ne a kan hanyoyin serotonin, wani sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Bayan awa ɗaya zuwa biyu yake fara kama mutum, ya riƙe shi awa 8 zuwa 12. Da fari tashin zuciya da amai, sai ƙwayar ido ta buɗe, launuka su yi kaifi, lokaci ya ja kamar ba zai wuce ba.

Wurin zama da kulawar jagora sukan yi kyau. Raunin yana wajen tantance lafiyar baƙi. Meskalin na ƙara bugun zuciya da hawan jini, ga shi Kusko tana kan tsayin kusan mita 3,400, inda iska ke da ƙarancin iskar shaƙa. Mai ciwon zuciya, mai shan lithium (wani maganin taɓin hankali), ko wanda taɓin hankali ke cikin danginsa, hatsarinsa babba ne. Ƙarfin ruwan ma ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, ba a auna shi. Duk wurin da bai tambayi magungunan da baƙo ke sha ba, bai cancanci a ba shi amana ba.